Sunansa Ne a Jikin Kwalbar

Allurai uku ne a bakin Tela, yana durƙushe yana kama ƙafar wandon wani direba, lokacin da wayarsa ta fara kuka a ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Ya bar ta ta yi ta gaji. Ta sake farawa.

"Ɗauka mana, Tela," in ji direban. "Kar a ce ni na hana ka amsa kiran gida."

Ya tofar da alluran a tafin hannunsa, ya lalubo wayar. Muryar mace ce, a natse, irin ta wadda ta saba faɗa wa mutane abin da ba su son ji. Ta ce daga asibitin unguwa take kira. Ta tambayi sunansa da shekarunsa, ya faɗa. Sannan ta ce sakamakon gwajin bayan gidan da aka kawo makon jiya ya fito, kuma an ga jini a ciki.

"Jini?"

"Irin wanda ido ba ya gani, Baba. Kar hankalinka ya tashi, ba a ce ciwon daji ba ne. Basir ma yakan jawo haka, ko wani ɗan tsiro a hanji. Amma dole a duba. Ka zo yau kafin ƙarfe huɗu likita ya gan ka, a sa ranar da za a leƙa hanjin da kyamara."

Ya ce to. Ya ce ya gode. Har da Allah ya saka da alheri, sai ka ce wanda aka yi wa albishir. Ya ajiye wayar a kan keken ɗinki, ya ce wa direban ya dawo gobe. Direban ya dubi ƙafar wandonsa, ɗaya a naɗe ɗaya a sake, ya dubi fuskar Tela, ya fita.

Abin da malamar asibitin ba ta sani ba, wanda duk duniya mutum biyu ne kawai suka sani, shi ne: sunan Tela ne a jikin kwalbar nan, amma abin da ke cikinta ba nasa ba ne. Na matarsa ne.

Ya zauna a kan kujerarsa. Bai so ya ɗaga kai ba, don ya san abin da ke rataye a ƙusar bayan keke. Shekara biyu ke nan wandon Yaya yana wurin, ruwan toka, a cikin leda. Yaya shi ne wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, mutum mai jiki da murya, wanda in ya shigo shagon nan sai haske ya ragu. Wata rana ya kawo wandon ya ce a rage masa ƙugu. Tela ya rage inci biyu, yana yi masa tsiya, wai ko matarsa ta daina ba shi abinci ne. Bayan wata biyu ya sake kawo shi. Ya rage wasu biyun, tsiyar ta ɗan yi sanyi. Karo na uku da aka kawo, aljihunan baya sun kusa haɗewa. Tela ya ɗinka bai ce uffan ba, Yaya ma bai ce ba. Kafin a zo karɓa an kwantar da shi a asibiti, likita ya ce ciwon dajin hanji ne, kuma an makara. Wata huɗu ya ƙara a duniya.

Duk wanda ya juya wandon nan zai ga layin ɗinki uku a jere. Tela bai taɓa juya shi ba tun ranar. Amma wani lokaci, in iskar fanka ta kaɗa ledar, sai ya ji kamar mutum ne tsaye a bayansa yana jiran a auna shi.

Auta ce ta kawo maganar gwajin. Ita ce ƙaramar 'yarsu, malamar makaranta, wadda ta gaji bakin uwarta da taurin kan ubanta, haɗin da ba ya barin gida ya zauna lafiya. Ta je asibiti ta ji cewa duk wanda ya haura hamsin ya kamata ya yi, balle wanda ɗan'uwansa ya rasu da ciwon. Ta shigar da sunansa, ta dawo da ambulan. A ciki akwai 'yar kwalba da ba ta kai yatsa tsawo ba, da ɗan tsinke maƙale a murfinta. Ta yi masa bayani dalla-dalla kamar ɗan aji ɗaya: a dangwali bayan gida da tsinken, a mayar cikin kwalba, a rufe, a rubuta suna da kwanan wata, shi ke nan.

"Ni da girmana," ya ce, "in ɗauki kashina in kai wa mutane a ambulan kamar takardar neman aiki?"

"Baba, kai da girmanka Baffa ya rasu a hannunka."

Mako uku ambulan ɗin yana kan firji. Kullum Auta ta kira, kullum a rabu ba daɗi. Ba ƙyanƙyami ne ya hana shi ba, ko da yake haka yake faɗa. Tsoro ne, tsoro tsagwaronsa. Gani yake muddin bai buɗe kwalbar ba, abin da ya ɗauki Yaya bai san hanyar gidansa ba.

To, shekara talatin da ɗaya da aurensu, Tela bai taɓa cike takarda da hannunsa ba. Ta makarantar yara, ta wutar lantarki, ta asibiti, duk matarsa ce. Ita ke tuna masa shekarunsa ma. Shi ya sa yake kiran ta Sakatariya, har maƙwabta suka ɗauka. Saboda haka da safen nan da ya ga ta sauko da ambulan tana share ƙurar firji, maganar ta fito masa a sauƙaƙe, kamar dai ya ce ta sa masa hannu a takarda.

"Sakatariya, ke da lafiyarki ƙalau, yi mini mana. A kai musu, yarinyar nan ta shafa mana lafiya."

Ya zaci za ta zazzaga masa masifa. Sai ta tsaya tana kallon kwalbar, ta daɗe. Ta ce, "Kawo biro." Washegari Auta ta zo ta karɓa, har ta rungume shi.

Yana zaune yana tuna wannan, idonsa ya sauka a kan kwandon da yake tara guntayen yadi. A sama akwai wani siririn ƙyalle shuɗi mai ɗigon fari. Ya miƙa hannu ya ɗauko. Daga rigarta ya fito. Watan jiya ta ba shi riguna biyu ta ce ya rage mata, wai sun buɗe da wanki. Ya rage inci biyu. Ya tuna har abin da ya ce mata: "Kin koma budurwa, ko wani ne ya yi miki magana a hanya?"

Tsiya iri ɗaya. Inci iri ɗaya. Hannu ɗaya, keke ɗaya.

Shi da ke iya faɗin ƙugun mutum daga tsallaken titi, shi da awonta ke cikin kansa tun tana amarya, ya ɗora tef a jikin matarsa, ya karanta lambar, ya yi dariya. Ledar da ke bayansa ta motsa. Ya miƙe ya kashe fanka.

Yana cikin rufe shago wayar ta sake kuka. Auta ce. Ashe lambarta ma tana jikin takardar, sun kira ta.

"Baba, kana ina? Kar ka damu, ka ji? Na nemi izini, zan same ku a asibiti ƙarfe uku. Baba, ka ci abinci? Akwai inda ke maka ciwo?"

Muryarta na rawa, tana ƙoƙarin ɓoyewa. Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, ya fasa.

"Babu inda ke mini ciwo," ya ce. Wannan kam gaskiya ne, kuma bai taɓa faɗin gaskiyar da ta ba shi kunya irin wannan ba.

Mai gyaran agogon da ke jikin shagonsa ya ɗago da gilashi a ido ɗaya. "Tela, rana tsaka? Ko an yi maka haihuwa ne?" Tela ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce, tef ɗinsa na rataye a wuya, ya manta bai cire ba.

Ya same ta a tsakar gida tana shanya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta kamar yau ya fara ganin ta. Ta ɗaga zanin gado za ta rataya, ta sauke, ta huta, ta sake ɗagawa. Yaushe ta fara hutawa a tsakiyar shanya? Yaushe ƙashin wuyanta ya fito haka? Rigar shuɗiyar ce ma a jikinta.

"Lafiya, Malam? Ko wuta aka ɗauke muku?"

"Sun kira daga asibiti."

Hannunta ya tsaya a kan igiya. Ba ta juyo ba.

"Sun ce akwai jini."

Ta gyara bakin zanin gadon, ta ja shi ya miƙe, ta sa maƙali. Ta sunkuya ta ɗauko wani. Shirun ya ishe shi.

"Ba ki ji ni ba ne? Na ce..."

"Na ji ka. Sai ka shirya ka je, tunda kai aka kira."

"Ni aka kira? Sakatariya, ni da ke mun san..."

"Sunanka ne a jiki. Ka je su duba ka da kyamarar tasu. Da ma kai ne abin dubawa, kai ne ɗan'uwan mamaci. Ka ga an yi mai dalili. In sun ce lafiyarka ƙalau, shi ke nan, kowa ya huta."

"Ke kuma fa?"

"Ni me? Basir ne. Wace mace ce ta haifi biyar ba ta da shi?"

Ya matso, ya zare tef daga wuyansa, shi kansa bai san me zai yi da shi ba. Ta ja da baya kamar ya ɗauko maciji.

"Ajiye abin nan. Ajiye shi, Malam. Ba ka auna ni watan jiya ba? Me ka gani?"

Ya mayar da tef ɗin wuyansa. Ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta share hannuwanta a jikin riga. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Kana tsammani don kai na yi? Ni, in biye maka a wannan shirmen, don kawai ka huta da bakin Auta? Wata biyar ke nan cikina ba daidai yake ba. Yau gudawa, gobe ya ɗaure. In na hau matakala uku sai na tsaya. Da na ga kwalbar a kan firji, kullum ina kallon ta tana kallo na. Ran da ka ce in yi maka, sai na ce to, ga hanya. In babu komai, na ji a asirce. In akwai..." Ta girgiza kai. "Ban yi tunanin in akwai ba."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"In faɗa wa wa? Mutumin da ya kasa taɓa wandon da ke rataye a ƙusa?" Ta dube shi, idonta ya cika amma bai zubo ba. "Kai wando ka rage wa Yaya. Ni na wanke masa zanin gado wata huɗu, ni da matarsa. Na san yadda abin nan yake ƙarewa, na san warinsa. Ba na so Auta ta wanke nawa."

Maganar ta doke shi a ƙirji. Duk shekarun nan biyu ya ɗauka shi kaɗai Yaya ke bi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ita ma yana tsaye a bayanta ba, a nan tsakar gida, duk lokacin da ta ɗaga zanin gado.

Ya durƙusa a gabanta, yadda yake durƙusa wa masu awo. Gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Yaya sau uku ya kawo wandon nan," ya ce. "Sau uku ina ɗinkawa ina shiru. Da a na farko na ja shi asibiti, ban sani ba, wataƙila... Ke sau ɗaya na rage miki. Sau ɗaya ne. Ba zan rage na biyu ba. Wallahi ko kin kawo ba zan ɗinka ba."

"Sai in kai wa wani telan."

"Babu mai karɓar aikin da na ƙi a layin nan."

Dariya ta kusa kuɓuce mata, ta danne. Ta ce, "Auta za ta cinye mu ɗanye."

"Ni za ta ci. Ke ƙashi ne yanzu, me za ta samu?"

Ya faɗa kafin ya ji nauyin abin da ya faɗa. Can ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ya ji tana buɗe akwatin takardu. Ba ta ce za ta faɗa ba, ba ta ce ba za ta faɗa ba. Ta dai fito da mayafi da jakar da take zuba katunan asibiti, ta ce, "Tashi, kar mu rasa mota."

Suka shiga bas. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ga ta dafe ciki ta gefen jaka, yadda ba za a lura ba. Ya yi ta tambayar kansa sau nawa ta yi haka a gabansa yana kallon wani wuri.

Ɗakin jiran asibitin cike yake. Auta na tsaye a bakin ƙofa da rigar aiki, hannunta duk alli, idonta ja. Tana ganin su ta rugo ta kama hannun ubanta, ta riƙe gwiwar hannunsa kamar wanda zai faɗi. Kujera ɗaya ce ta rage a layin, ta tsare masa ita da jakarta.

"Zauna, Baba. A hankali. Mama, riƙe masa ruwan nan. Mama, kin zo da katinsa? Don Allah matsa kaɗan ya sami iska."

Uwar ta matsa. Ta tsaya jikin bango, gorar ruwa a hannu ɗaya, jaka a ɗaya, ta jingina kafaɗa don ƙafafunta su huta. Ta yi masa wani kallo mai cewa: ka gani, a haka ma komai na tafiya daidai, bar shi.

Kuma da ya bari, da ya tafi daidai ɗin. Ya san haka. Zai shiga, a sa masa rana, a duba shi, Auta ta yi ta lallaɓa shi. Babu wanda zai ji kunya yau. Kujerar ta yi masa zafi kamar dutsen guga.

A layin gaba wani dattijo ya miƙe zai shiga wurin likita, ya sa hannu ya ja wandonsa sama, ya riƙe ƙugun a dunƙule. Ruwan toka ne wandon. Tela ya kawar da kai, ya sake dubawa. Ba Yaya ba ne, ko kama ba su yi ba. Amma zuciyarsa ta riga ta buga.

Malamar asibitin ta leƙo da takarda a hannu, ta kira sunansa. Ya gane muryar. Ya miƙe, Auta ta tallabe shi. Ya zame hannunsa a hankali, ya je jikin bango, ya karɓi gorar da jakar daga hannun matarsa, ya kamo ta ya zaunar da ita a kujerar.

"Baba, kai ake kira."

"Na ji." Ya juya ga malamar. "'Yata, akwai gyara a takardar nan. Sunana ne a jikin kwalbar, amma ba ni na yi gwajin ba. Tsoro na ji, na sa ta ta yi mini. Jinin da kuka gani nata ne."

Auta ta dubi ubanta, ta dubi uwarta. Ya ga lokacin da idonta ya sauka a kan wuyan uwar, a kan hannuwanta, a kan yadda zoben ke yawo a yatsa. Ya jira masifar. Ba ta zo ba, kuma da ta zo da ya fi sauƙi. Yarinyar ta sulale ta tsuguna a gaban kujerar, ta ce, "Mama?" da wata ƙaramar murya da rabonsa da ji tun tana goye.

Malamar ba ta yi faɗa ba. Ta numfasa, ta ce ba su ne na farko ba. Ta tambayi uwar ko tana jin wani abu a jikinta, uwar ta ce wata biyar. Malamar ta ce to lallai likita zai gan ta yanzu, ba sai gobe ba. Ta ciro sabuwar takarda ta miƙa wa Tela ya cike wa matarsa. Ya riƙe biro, ya rubuta sunanta, ya tsaya a layi na biyu. Shekarar haihuwa. Ya san kafaɗarta, ya san tsawon hannunta, ya san ƙugunta na da da na yanzu. Wannan kam bai sani ba.

"Kawo nan," in ji Sakatariya. Ta karɓa ta cike da kanta a kan cinya.

Kafin su shiga, malamar ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wani ambulan, irin wancan sak, ta danƙa masa. "Naka ne, Baba. Kai ma ba ka tsira daga hannunmu ba."

Matarsa ta miƙa masa biron. "Da hannunka," ta ce. "Duka."

Auta ta riƙe ta suka nufi ƙofar likita. A bakin ƙofar ta waiwayo. "Kar ka tafi ko'ina, Malam."

"Ina nan."

Ta juya. Ya bi bayanta da kallo, idon tela ya yi aikinsa ba tare da an sa shi ba. Rigar da ya rage watan jiya ta riga ta sake saki a baya, wajen inci ɗaya. Wannan karon bai kawar da kai ba, ya yi ta kallo har ƙofar ta rufe.

Ya zauna a kujerar da ta tashi, da sauran ɗuminta. Ya zazzage ambulan, 'yar kwalbar ta faɗo tafin hannunsa, ba ta fi allin awo nauyi ba. Ya dafa ta a kan gwiwa, ya fara rubuta sunansa, harafi ɗaya bayan ɗaya, a karkace.